Kujerar gwamnan Kogi ta 2015: Faleke ne da ita ko Yahaya Bello?

Malam, daga Birni: Jama'a, har gobe ina kan bakana, kujerar gwamnan jihar Kogi a Najeriya ta James Faleke ce, wanda ya tsaya takarar mataimakin Abubakar Audu. An yi zaɓe ran 21 ga Nuwamba 2015, Audu na jam'iyyar APC ya samu ƙuri'a 240,867, Idris Wada na jam'iyyar PDP 199,514. Washegari Audu ya rasu. Sashe na 181 na tsarin mulkin Najeriya ya ce in zaɓaɓɓen gwamna ya mutu kafin rantsuwa, mataimakinsa ake rantsarwa. To ta ina Yahaya Bello, wanda APC ta sa a madadin Audu, ya shigo?

Hajiya, daga Zango: Malam, kalmar "zaɓaɓɓe" ce ke kayar da hujjarka. Hukumar zaɓe ta INEC ba ta taɓa cewa Audu ya ci ba. Ratar 41,353 ce, masu rajista a rumfuna 91 da aka soke kuwa 49,953. Tunda sun fi ratar yawa, zaɓe bai kammala ba. Ba gwamna, sai a gaji wa?

Malam: Hajiya, rajista daban, katin zaɓe a hannu daban. Ɓangaren Faleke sun ce waɗanda suka karɓi kati a rumfunan ba su kai ratar ba, ko dukansu sun bi Wada ba zai kamo ba. Sashe na 179 abu biyu kawai ya nema: rinjaye, da rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, wato 14 cikin 21. Audu ya cika duka. Ga shaida: a zaɓen cike giɓi na 5 ga Disamba, ƙuri'a 6,885 APC ta ƙara. Da su mutum ya ɗare kan gumin mamaci.

Alhaji, daga Sabon Gari: A yi haƙuri in sa baki. Mu nan Damagaram naɗa gwamna ake daga Yamai, shi ya sa abin ke ɗaure mana kai. A can, a lokacin, kotuna na kallon ƙuri'a a matsayin ta jam'iyya, bisa sashe na 221 da hukuncin Kotun Ƙoli na 2007 a shari'ar Rotimi Amaechi na jihar Ribas. APC ta ɗauko Bello, wanda ya zo na biyu a zaɓen fid da gwani. Faleke kuma bai shiga wannan zaɓen ba. Kotun Ƙoli ta kori ƙararsa ran 20 ga Satumba 2016.

Malam: Alhaji, hukunci na yarda ya hau kan kowa. Amma ran 27 ga Janairu 2016 an rantsar da Bello ba mataimaki, don Faleke ya ƙi zama mataimakinsa. Wannan tikiti ne cikakke?

Hajiya: Nan kam na ba ka gaskiya, dokar lokacin na da giɓi. Sashe na 34 na dokar zaɓe ta 2022 ya toshe shi: in ɗan takarar gwamna ya mutu bayan an fara jefa ƙuri'a kafin a faɗi sakamako, a dakata, kada a wuce kwana 21, mataimaki ya ci gaba da takara, ya zaɓi nasa mataimakin.

Malam: Wato abin da Faleke ya roƙa ke nan, Hajiya.

Hajiya: Kusa da shi. Shi cewa ya yi an gama zaɓe, a ba shi. Dokar 2022 cewa ta yi a ƙarasa zaɓen da shi, kuma ba ta komawa baya ta kama 2015.