Tambaya: karon bango mai zanen dagi guda 900, injin CNC zai fitar da ni kunya?

Mai Pabe, Yamai

Assalamu alaikum ƴan zaure, barkanmu da war haka. Ina da ɗan wurin buga pabe da bulo mai huji a bayan Lazare, ni da yarana. Mul ɗinmu, wato mazubin da muke zuba kwaɓi a ciki, na roba ne, irin wanda kowa ke saye a kasuwa, shi ya sa in ka zaga Yamai pabe iri ɗaya za ka yi ta takawa daga Yantala har Talaje.

Wani Alhaji da na daɗe ina yi wa aiki ya kawo mini abin da ya fi ƙarfin mul ɗina. Katangar tsakar gidansa ce, tsawonta mita 15, tsayinta mita 2.4. Yana son a lulluɓe ta da karo, wato tayil, na siminti mai zane mai tudu, ba mai santsin nan na kanti ba. Dagi yake so, irin na gaban babbar riga da na fuskar gidajen Birni a Damagaram. Amma da sharaɗi biyu: igiyar dagin ta bi katangar tun daga farko har ƙarshe ba ta yanke ba, kuma kusa da ƙofar shiga ƙulli ya yi yawa, in an yi nisa ya riƙa saki. Na buga lissafi da karo mai santimita 20, guda 25 ke shiga mita ɗaya murabba'i, ke nan 900.

Ɗan yayata ya nuna mini bidiyo a waya, wani inji yana sassaƙa irin wannan zane shi kaɗai, kwamfuta na tuƙa shi. Ya ce CNC sunansa. To shin yana cin siminti? In saya ne ko in nemi mai shi? Kuma wa ke zana masa abin da zai sassaƙa? Alhajin ba mai haƙurin jira ba ne.

Ƴar Ader

Wa alaikumus salam Kawu, sannu da ƙoƙari. Zanen gine-gine nake yi, kuma amsata a taƙaice ita ce kada ka sayi inji, kada kuma ka bari a sassaƙa maka karo 900. Guda 5 kake buƙata.

Bari mu fara da lissafin lokaci, don shi ne zai raba gardama. Haƙorin inji, wato ƙarfen da ke sassaƙar, wanda ke gyara fuskar zane, mai zagayen baki ne, a ce mai milimita 6. Don kada sawunsa ya fito, duk layin da ya ci sai ya matsa kamar milimita 0.6 kafin ya ci na gaba. A faɗin milimita 200 layi 333 ke nan, tafiyar kusan mita 67. In yana gudun mita 2 a minti, ya ci minti 33, ban da zagayen farko na rage tsoka. A ce minti 40 kowane karo. Sau 900, awa 600. Ko wuta ba ta ƙifta ba, kana aikin awa 8 a yini, kwana 75 ne. Wannan ma a katako ne mai laushi.

Aikin injin shi ne ya sassaƙa uwa. Daga jikin uwar a zuba robar silikon ko ta poliyuretan a samu mul, daga nan kuma sana'arka ce da ka fi ni sani: kwaɓi, teburin girgiza, ban ruwa.

Yadda guda 5 za su rufe katanga kuwa, a nan zanen parametirik ke shigowa. Ba na zana dagin da hannu layi bayan layi. Ƙa'ida nake rubuta wa kwamfuta, in ba ta lambobin da zan iya murɗawa: faɗin karo, faɗin igiya, zurfin tudu, ratar da za a bari tsakanin karo da karo. In na sauya lamba ɗaya, zanen gaba ɗaya ya gyara kansa. Ni da Grasshopper nake yi, wanda David Rutten ya ƙirƙiro a 2007, yana cikin manhajar Rhino. Rhino ta kuɗi ce. FreeCAD kyauta ce, ita ma tana aiki da lambobi, sai dai ta fi wahalar sarrafawa a irin wannan zane mai maimaici.

Babbar ƙa'idar ɗaya ce: duk inda igiya za ta fita daga karo, a tsakiyar gefe za ta fita, da faɗi ɗaya da tudu ɗaya. In an kiyaye wannan, ko yaya ka juya karo zai haɗu da maƙwabcinsa. Sai ka yi na farko mai gicciye, igiya ɗaya ta hau kan ɗaya. Na biyu mai baka biyu, kowane a kusurwarsa. Na uku mai baka ɗaya, na huɗu miƙaƙƙe, na biyar fili ba komai. Mai gicciyen nan in ka juya shi digiri 90, wadda ke sama ta koma ƙasa, da haka saƙar sama da ƙasa ta dagi ke fita daga mul ɗaya. Dabarar tsohuwa ce. Wani limamin Kirista a Faransa, Sébastien Truchet, ya yi rubutu a 1704 kan yawan zanen da karo ɗaya ke bayarwa in ana juya shi. Magina Musulmi ma sun riga shi: a 2007 Peter Lu da Paul Steinhardt sun nuna cewa zanen hubbaren Darb-i Imam na Isfahan, ginin 1453, ana iya tayar da shi daga ƴan siffofi kaɗan masu gefe tsawo ɗaya, waɗanda layin ado ke ratsawa ta tsakiyar gefensu.

Maganar ƙulli ya yi yawa kusa da ƙofa, nan ne masu sabon hannu a Grasshopper ke zamewa. Sai su sa faɗin igiya ya riƙa raguwa da nisa. A allon kwamfuta abin gwanin kyau, amma kowane karo ya zama daban, an koma mul 900. Ni nisan ƙofar zan sa ya zaɓi wane karo zai zauna a wane gurbi. Kusa da ita mai gicciye ya yi rinjaye, can nesa mai baka da fili. Kwamfuta ta duba ko akwai bakin igiyar da ya tsaya a iska, sannan ta fitar da taswira mai layi 12 da gurbi 75, da adadin kowane iri da za ka buga.

Wani abu kuma Kawu, kada uwar ta zama milimita 200 cif. In za a bar ratar milimita 3, a gurbi 75 an tara milimita 225, ya wuce karo guda, sai ka iske ƙarshen katanga ba ya karɓar zanen. A yi ta 197.

Tsohon Maso, Tawa

Salamu alaikum. Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka, lissahinki ya hita. Amma ni ina da magana, ko da za a ce tsoho ya cika gardama.

Zanen da kuke gani Damagaram, ba karo anka manna ba. Bisa ɗanyen yaɓe magini ke tada shi da hannu, shina yi shina ja da baya shina dubawa, inda ƙohwa ta karkace zane shi bi ta. Ku tahi Yama ku ga masallacin da Falke Barmu ya hwara ginawa 1962, wanda ya samu kyautar gine-gine ta Aga Khan 1986. Hasumiyoyinshi huɗu, kowace da kamarta. Wanga shi ne abin da inji ba shi iyawa, don shi in ya yi ɗaya, dubu ma haka za su hito.

Ban ce kada a yi ba. Na ga Dandaji, inda Mariam Kamara da abokiyar aikinta sunka maida tsohon masallaci ɗakin karatu, sunka gina sabo da bulon ƙasa da inji ya danne. Inji ne ya buga bulon, amma hannun magina na nan a jiki.

To ƙanena mai pabe, tambaya guda: katangar da mi anka gina ta? In bulon siminti ce, bismilla. In ta laka ce, kada ka soma. Laka na shan ruwa tana hidda shi, siminti na tare shi. Damana biyu ko uku ruwa shi taru a baya, karon shi ɓamɓaro da yaɓen gaba ɗaya, kuma sunanka za a kira ba na inji ba. Sannan ka tuna da hunturu. Duk wani tudu mai shimhiɗaɗɗen kai, ƙura za ta kwanta bisanshi, ruwan hwarko shi wanko ta, katanga ta yi zanen hawaye.

Mai Inji, Yamai

Barka da yamma jama'a. Ni ke tuƙa CNC a wani wurin kafinta, ƙofofi da allunan talla muke yi. Injinmu irin na Sin ne da ake kira 1325, wato teburinsa milimita 1300 da 2500. Maigida, siminti da ya bushe da karon kanti da aka gasa, ka cire su daga lissafi. Waɗannan sai haƙori mai lu'ulu'u da ruwa na zuba a kai, injin dutse ke nan, daban yake da namu. In ka sa a injin katako haƙori ya mutu nan take, garin ya shiga layin dogon injin ya cinye shi, kai kuma ka shaƙi ƙurar yashi, wadda ba ta fita daga huhu.

Uwa da MDF muke yi, katakon nan na garin itace da aka danne. Yana yankuwa sumul, amma inda haƙori ya ci sai ya tashi da gashi-gashi kuma yana shan ruwa. Dole a goge, a shafa fenti mai toshe shi, a sake gogewa, a sake shafawa, har sai ka bi da yatsa ba ka ji komai ba. Duk abin da yatsanka ya ji, roba za ta kwashe shi ta ba kowane karo.

Abin da nake roƙon Hajiya Ƴar Ader ta sa cikin lambobinta shi ne gangaren gefe. Dubi tandar masa: bakin ramin ya fi gindinsa faɗi, shi ya sa masa ke fitowa da ɗan taɓi. Gefen igiyar dagi ma haka, a ba shi gangaren digiri 5 ko fiye, kada ya tsaya tsaye. Wannan zai rage matsalar ƙurar da Baba Tsohon Maso ya faɗa. Kuma haƙori mai zagaye ba ya yin lungu mai kaifi, na milimita 6 ba zai shiga lungun da ya fi shi matsi ba. Inda igiya ke shigewa ƙarƙashin ƴar'uwarta a zana shi da lanƙwasa tun farko, in ba haka ba inji zai bar tsoka a wurin.

Zurfi, milimita 6 zuwa 8 ya isa. Inuwa ce ke nuna zane, kuma ranarmu ba ta rowar inuwa.

A turo mini fayil na STL, mai ɗauke da siffar zanen, ni zan fitar da G-code, wato umarnin da inji ke bi, da kaina, don kowane inji da halinsa. Ina fara irin wannan aiki da sassafe, kafin zafi ya sa ruwan sanyaya motar haƙorin ya yi ɗumi. In wuta ta ɗauke a tsakiya ba asara ba ce matuƙar ba a motsa katakon ba, ina mayar da inji mafarinsa in ci gaba daga layin da ya tsaya.

Mai Pabe, Yamai

Kai, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Baba, katangar ta bulon siminti ce, an yaɓe ta, tana kallon arewa. Na karanta wa Alhaji maganarka ta Yama, ya yi shiru, daga baya ya ce a bar kewayen ƙofar fili, zai nemo magini ya tada zane da hannu a wurin. Wannan ya rage mini karo, ban yi musu ba.

Abin da ya rage mini shi ne yawan mul. Uwa 5 na ji, amma da mul 5 kacal, karo 5 zan cire a yini, don ba na cire kaya kafin ya kwana. Ina ganin zan zuba 30 ko 40, mai gicciye da mai baka biyu su fi yawa. Yashin kogi zan tankaɗe da rariya mai ƙananan ido, simintin Malbaza, ban ruwa mako guda a inuwa, ba zan kai wa mai mannawa ba sai sun yi kwana 28. Man shafa mul ne ban yanke ba. Mu a pabe baƙin mai muke shafawa.

Ƴar Ader

Kawu, baƙin mai dai a'a. Yana bar wa fuskar karo tabo, kuma yana lalata roba. Silikon sau da yawa ba ya ma buƙatar komai, in ya buƙata ruwan sabulu ya isa. Ka sa mai inji ya tona harafi da ƴar kibiya a wani ƙaramin katako, ku riƙa danna shi a bayan karo tun yana ɗanye, don mai mannawa ya san iri da inda sama take ba sai ya tsaya nazari ba.

Tunda arewa take kallo, ka sani a Yamai daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana na ratsawa ta arewa da tsakar ka, lokacin ne hasken zai gogi katangar zanen ya fito sosai. Sauran watanni galibi tana cikin inuwa, zai yi laushi. Saboda haka zan fi karkata ga milimita 8. Kafin a zuba roba da yawa, a sassaƙa mai gicciye ɗaya, ka buga guda 9, ka jingina su a jikin katangar Alhaji ya gan su da safe da la'asar. Ka auno mini faɗin ƙofar da nisanta daga kusurwa, da yawan filin da maginin ke so a bar masa.