Wai mi ya hana a kawo muna katako ta gulbi?

Ɗan Rijiya:
Salamu alaikum jama'a. Na ga wani bidiyo na Legas, an ɗaure gungumen icce jingim bisa ruwa, ƙaramin jirgi na jan su har bakin injin yankan katako. Tunda kuɗin tirela da man gas ne ke sa katako tsada garinga na Sakkwato, mi zai hana mu yi hakanan da gulbin Rima?

Kafintan Mabera:
Wa alaikumus salam. Okobaba kenan ka gani, wurin masu yankan katako can unguwar Ebute Metta, daga dazukan Ondo da Edo da Delta ake jawo su ta ruwa. Sapele ma don kogin Ethiope anka kafa babban kamfanin katako na African Timber and Plywood (AT&P) can. Amma ɗan uwa ruwa gangara yakai ba ya hawa, Rima ta wajen Goronyo take zuwa ta haɗe da gulbin Sakkwato su wuce Argungu da Birnin Kebbi su faɗa kogin Neja, kudu sunka nufa kenan, shi kuma dajin can kudun yake mu muna sama. In ka jefa gungume cikin Rima nan Kwalkwalawa sai dai mutanen Kebbi su gode maka.

Baban Ummi:
Malam ka gama magana wallahi. Ko jirgi ka samu ya jawo su sama, dam ɗin Jebba da na Kainji na tsaye bisa hanya, kuma da rani wani wurin yara ke ƙetare Rima da ƙafa. Sannan ba kowane icce ke tasowa saman ruwa ba hwa, obeche ba shi da nauyi shi kam ba matsala, amma ekki nutsewa yakai sai an ɗaure shi jikin marasa nauyi.

Maman Sadik:
Su Turawan ma ai galibinsu sun bari. Da can sai ƙanƙara ta narke ruwa ya cika su saki gungumen, amma ɓawon iccen na gurɓata ruwa kifi ya cutu, wasu su nutse a yi hasara. Kogin Kennebec na Amurka 1976 anka yi na ƙarshe, yanzu galibi manyan motoci ne.

Ɗan Rijiya:
To madalla, na gode. Tirela dai kenan. Kafinta, gobe in sha Allahu zan biyo shago, nawa katako tubaifo (2x4) yanzu?