Muhawara: Wai hawan daba don Sarauniya aka ƙirƙiro shi?

Baban Ummi: Jiya na ga hotunan zuwan Sarauniya Elizabeth Kaduna a 1956, sai na ce wa yara hawan daba kayan Turawa ne, shirya shi suka yi don a burge Sarauniyarsu. Har gobe ina kan bakana.

Malam na Zariya: Haba Alhaji! Sai ka ce kafin Bature babu doki a ƙasar Hausa? Sulke da lifidi da kwalkwali na yaƙi ne. Jahi kuwa gaisuwar mayaƙa ce ga sarkinsu. Gwamna ne ya koya wa Sarkin Kano busa kakaki?

Baban Ummi: To Malam, kalmar fa? Daba daga durbar take, daga Indiya suka ɗauko ta. A can Sarki George na biyar ya je Delhi a 1911, sarakunan Indiya suka yi layi suna kai gaisuwa. Shi suka kwaikwayo mana.

Anti Balaraba: Alhaji, ko a lissafinka shekarar ba ta yi daidai ba. An yi wa Yariman Wales daba a Kano tun 1925, Sarauniya ko haihuwarta ba a yi ba, sai 1926.

Baban Ummi: Na karɓi gyara, Hajiya. Amma ai wannan ma ɗan gidan ne.

Ɗan Gashuwa: Kakana yana cikin masu riƙe dawaki a na 1956. Ya ce makonni suka yi a hanya, suna kwana a zango, damuwarsu harawa da ruwa. Da suka isa Kaduna aka yi ta sa su gwaji, wani Bature da agogo a hannu yana auna mintin da kowace tawaga za ta ɗauka. Ranar taron kuwa ƙura ta tashi, abin da ya gani na Sarauniya farar safar hannu ce kawai. Ya rasu yana ba da wannan labari yana dariya.

Malam na Zariya: Agogon nan shi ne nasu. A da kowane sarki a garinsa yake hawa, talakawansa su gan shi. Tara Sarkin Musulmi da Shehun Borno da sauran sarakuna a fili ɗaya, kowa da lokacin wucewarsa, wani kuma na zaune a rumfa ana kai masa gaisuwa, wannan kam na yarda tsarin Bature ne. Hawan Nasarawa a Kano ma haka, asalinsa zuwa gaida Razdan ne, wato Baturen da ke mulkin lardi, yanzu ya koma gidan gwamnati.

Anti Balaraba: Kuma kada a manta Sardauna ne Firimiya a lokacin, tun 1954. Ni a ganina shi ma ya ci moriyar taron: ya nuna wa Legas da Landan ƙarfin Arewa, saura shekara huɗu a karɓi mulki. Da abin na Sarauniya ne kaɗai, don me aka sake yin daba a Kaduna lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, babu ita babu gwamnanta?

Baban Ummi: Ai sabo ne, Hajiya. Mun gaji rumfar, muka canza mai zama a ciki.

Malam na Zariya: Rumfar na bar maka, Alhaji. Dokin dai ka sakar mana.

Ɗan Gashuwa: Wa yake da hoton tawagar Borno na ranar? Ko zan hango tsohon a ciki.