Talabijin mai 3D na hannu: in saya ko in tara kuɗin Quest?

Baban Yara Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maƙwabcina zai tashi zuwa Abuja, yana son ya sayar mini da talabijin ɗinsa LG mai 3D, inci 47, da tabarau huɗu, a kan dubu 180. Ina da na'urorin wasan PlayStation, PS3 da PS4, a gida. Niyyata mu riƙa kallon fim da yara ƙarshen mako, babban shekararsa 9, ƙaramar 5, ni kuma in taɓa wasan tseren mota da dare. Ya ba ni zuwa Juma'a. Wanda ya taɓa amfani da irinsa ya gaya mini tsakani da Allah, in saya ko in ƙara haƙuri in tara kuɗin Meta Quest, na'urar nan da ake sawa a fuska mutum ya ga kamar yana cikin hoton?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Sayi PS5 kawai ka huta, Alhaji.

Mai Gyaran Talabijin: Ɗan Fagge, ka karanta tambayar kuwa? PS5 ba ya karanta faifan Blu-ray na 3D sam. Abin da ke hannunsa ya fi dacewa. PS3 tun 2010 aka ba shi damar nuna wasanni da finafinan 3D, PS4 ma yana karanta faifan fim ɗin. In tsere kake so, Gran Turismo 5 na PS3 yana da 3D. Amma ba kowane wasa ba ne, 'yan kaɗan ne, kuma kyan hoton yana raguwa zuwa 720p in ka kunna 3D ɗin.

Na Bakin Kasuwa: Malam, ka ji tsoron Allah ka riƙe kuɗinka. Ni a 2012 na sayi nawa sabo fil a kwali, kuɗin da na tara don fili na ciro. Tabarau biyu ya zo da su, masu batir. Daren farko muka zauna da uwargida, ba a yi rabin awa ba ta ce kanta na sarawa, ta tashi. Fitilar ɗakin doguwa ce, da zarar ka sa tabarau sai ta riƙa walƙiya a idonka, dole a kashe a zauna cikin duhu. In janareta muka tayar abin ya fi muni. Bayan wata uku ƙaramin yarona ya zauna a kan tabarau ɗaya ya karye. Na zaga kasuwa na samo wani da tsadar gaske, na kawo gida ya ƙi haɗuwa da talabijin, ashe nawa da infrared yake aiki, wanda na sayo kuma Bluetooth ne. Na mayar wa mai shagon ya ce kaya in sun fita sun fita. Har da rantsuwa wai ba a wurinsa na saya ba, alhali ga rasit a hannuna. Mun kai gaban shugaban layin, aka ce in yi haƙuri. Har yau abin na raina. Talabijin ɗin yana nan yara na kallon katun da shi kamar kowanne.

Mai Gyaran Talabijin: Allah ya mayar da alheri, Yaya. Sai dai naka da nasa ba iri ɗaya ba ne. Naka tabaransa ke rufe ido ɗaya su buɗe ɗaya da saurin gaske, shi ya sa suke cin batir kuma suke faɗa da hasken fitila. LG masu suna Cinema 3D, tun 2011, tabaransu roba ce zalla irin ta gidan sinima, babu batir, babu walƙiya. Allon ne ke raba layukan hoto, rabi ga idon dama, rabi ga na hagu, kowane ido ya samu layi 540 maimakon 1080. Illarsa, in ka rataye shi can sama a bango kana zaune a tabarma, hoton zai riƙa zuwa biyu-biyu. Dole ya daidaita da tsayin idonka.

Na Bakin Kasuwa: Duk kanwar ja ce. In abin kirki ne me ya sa suka daina yi?

Injiniya a Ingila: Nan ya yi gaskiya. Bayan fim ɗin Avatar mai 3D ya fito a 2009 kowane kamfani ya ruga, har gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu an ɗauki wasu wasanninta da 3D. Amma ESPN ta rufe tasharta ta 3D a 2013, BBC ma ta dakatar a shekarar. Samsung ya daina ƙerawa a 2016, LG da Sony suka bi baya a 2017. Nvidia ta janye tallafin 3D Vision na kwamfuta a 2019. Wannan talabijin ya haura shekara takwas ko ta yaya. Ka sayi Quest 3, nan duniya ta dosa.

Hajiyar Tudun Wada: Ku dakata, ba wanda ya kula yarinyar shekararta 5. Nintendo da kansu sun ce yara 'yan shekara 6 zuwa ƙasa kada su kunna 3D a na'urarsu ta 3DS. Quest kuwa a da sai mai shekara 13, daga baya suka sauko zuwa 10 da izinin iyaye. Kenan duka yaransa biyu ba su kai ba. Kuma mutum ɗaya ke sa shi a fuska, shi kuwa kallo tare da iyali yake nema. Baban yara, ka fara tambayar likitan ido kafin ka sa wa ƙaramar.

Ɗan Fagge: Tabarau huɗu, in baƙo ya zo fa? Sai ya rufe ido ɗaya ya yi maneji?

Ɗan Maraɗi: Dubu 180 ya yi yawa wallahi. Nan wajenmu na ga irinsa jika 60 na sefa, na hannu daga Turai.

Dillalin Kaya: Wane jika 60! Makon jiya na sayar da inci 42 a dubu 230, ba tabarau ko ɗaya. Alhaji in ba ka so ka haɗa ni da maƙwabcin naka.

Na Bakin Kasuwa: To ga irinsu nan. Mai sayarwa ne zai ce maka kaya ba kyau?

Dillalin Kaya: Yaya, ka iya bakinka. Ba ni na cuce ka ba.

Mai Gyaran Talabijin: Injiniya, da girmamawa, kai labari kake karantawa, ni kullum bayan waɗannan talabijin nake kwancewa. Baban yara, je ka da PS3 ɗinka gidansa, ka sa faifan 3D na gaske, ba maɓallin nan da ke mayar da hoton 2D ya zama 3D ba. Rufe ido ɗaya ka duba ko akwai inuwar hoto, sannan ka sa farin hoto ka ga ko allon ya yi tabo. In lafiya lau, taya dubu 140.

Injiniya a Ingila: Gyara daban, sanin inda fasaha ta dosa daban, Malam. In allon ya mutu gobe a ina zai samu wani?

Mai Gyaran Talabijin: Allo ba ya mutuwa haka kawai. Cikin goma da ake kawo mini, yawancinsu wuta ce ta ƙona allon lantarkin ciki, ba allon hoto ba.

Hajiyar Tudun Wada: Kai, kar ka tuna mini. Watan jiya suka kawo wuta da ƙarfi tsakar dare, firji da talabijin da cajar waya duk suka tafi, har stabilaizar ta yi hayaƙi. Gida bakwai a layinmu. Mun rubuta takarda, ba wanda ya leƙo. Ƙarshen wata sai ga bil.

Ɗan Maraɗi: Mu ma lokacin zafi haka muke sha, Hajiya.

Na Bakin Kasuwa: Ku kuna da mita ma? Mu shekara biyu da biyan kuɗinta, har yau ƙiyasi ake mana. An ce an sa mu a Band A, rukunin da ya kamata ya fi kowa samun wuta, ranar da muka samu awa takwas sai mu yi godiya.

Baban Yara Biyu: Na gode ƙwarai. Mai gyara, faifan 3D ɗin a ina zan samu a Kano kafin Juma'a?

Dillalin Kaya: Hajiya, sola za ki sa. Ina da batir da infata na hannu, ki yi mini magana ta akwati.