Don Allah wa ya san wannan ƙarfen?

Salam 'yan uwa, taimako nake nema. Na'urar gano ƙarfe ta nuna min wasu abubuwa a gonarmu can wajen Bukur, kusa da tsohon ramin kuza. Ɗaya dai na gane shi, anini ne mai huda da tauraro, na 1942. Ɗayan ne ya ɗaure min kai wallahi, tagulla ce zagayayya da 'yar huda a gefe, lamba kawai ake gani, wani dattijo ya ce lambar leburorin kuza ce ta zamanin Turawa, wani kuma ya ce sam. Tsatsa kore ta rufe sauran rubutun, in na wanke da tsamiya zai lalace? Ko in kai gidan tarihi na Jos su duba?