Shiri kafin mace ta yi amfani da roba mai siffar azzakari a duburar mijinta

Tambaya: Ni da maiɗakina mun amince mu gwada robar da ake ɗaurawa a ƙugu, amma ina fargabar zafi. Yaya zan shirya?

Amsa: Ɗan'uwa, dubura ba ta fitar da ruwan santsi da kanta, saboda haka ku wadata ta da man santsi irin wanda aka ƙera da ruwa, domin na silikon yana lalata robar silikon. Maiɗakinka ta fara da yatsa ɗaya bayan ta yanke farce, sannu a hankali, har tsokar ta saki.

Amsa: Ka fara yin bayan gida, ka wanke da ruwan ɗumi. Kada ka shafa maganin kashe zafi, domin zafin ne zai sanar da kai lokacin dakatawa.

Amsa: Idan ka ga jini, ku tsaya nan take.