Sati uku 'yata tana gidan masu masauki a Amurka, kullum "lafiya lau" take ce min

Uwar ɗaliba, Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman waɗanda suka taɓa zuwa karatun musaya na shekara ɗaya, ko iyayen da 'ya'yansu suka je, su faɗa min abin da suka gani da idonsu. 'Yata mai shekara 16 ta samu gurbi a shirin YES, wanda ke kai ɗaliban sakandare karatun musaya Amurka, yau sati uku ke nan da saukarta. An kai ta wani ƙaramin gari a jihar Ayowa, wajen mata da miji masu 'ya'ya biyu da kare ɗaya. Duk Lahadi muna waya. Abinci fa? Lafiya lau. Makaranta? Lafiya lau. Mutanen gidan? Suna da kirki. Amma ni na haife ta, na san muryarta idan tana haɗiye magana. A bidiyon jiya na ga ƙashin wuyanta ya fito. Babanta ya ce in ƙyale ta, baƙunta ce. Ni kuwa barci ya gagare ni. Don Allah yaya kwanakinku na farko suka kasance?

Tsohuwar ɗaliba, Ayowa, 2009 zuwa 2010

Wa alaikumus salam Mama. Da na karanta saƙonki sai na ga kaina. Ina kyautata zaton yunwa take ji, kuma ba hana ta abinci aka yi ba.

Daren farko da na sauka, matar gidan ta dafa taliya da kaza. Na ci kaɗan kamar yadda baƙo mai tarbiyya yake yi. Ta ce in ƙara, na ce na ƙoshi, ina jiran ta matsa min sau biyu ko uku irin na gida, sannan in miƙa faranti. Sai kawai ta yi murmushi, ta kwashe kwanuka, ta rufe sauran ta sa a firij. Na kwana cikina yana kuka. Washegari ta buɗe min firij ɗin ta ce duk abin da nake so in ɗauka, gidanmu ne. Ni da aka tarbiyyantar a kan ba a buɗe tukunyar mutane, ta yaya zan sa hannu a firij ɗin wasu? Ban taɓa shi ba.

Ana cikin haka azumi ya kama, ranar 22 ga Agusta a shekarar. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas saura, su kuma ƙarfe shida suke cin abincin dare. Buɗe-baki ba matsala, suna ajiye min nawa. Sahur ne bala'in. Ɗakin girkin yana jikin ɗakin kwanansu, ina jin nauyin in kunna wuta da asuba in tashe su. Kwana tara ina sahur da ruwan famfo da biskit ɗin da na saya da ɗan kuɗin kashewa da ake ba mu duk wata. Rana ta goma jiri ya ɗebe ni a makaranta, aka kira matar gidan. A mota ta tsaya gefen hanya ta tambaye ni me na ci da asuba. Na faɗa mata gaskiya. Wallahi Mama kuka ta fashe da shi. Ta ce duk kwanakin nan ta ɗauka girkinta ne ba na so, har ta fara tunanin ko gidan ne bai yi min ba. Ashe ni ina kawaici don kada in dame ta, ita tana ja da baya don kada ta takura min.

Daga ranar, ƙarfe huɗu da rabi na asuba zan ji ƙamshin ƙwai. Matar da ba ta azumi, kuma ƙarfe bakwai za ta fita aiki. Haka ta yi har aka ga wata.

Babbar Sallah ta faɗo ranar 27 ga Nuwamba, washegarin bikinsu na godiya da suke cin talotalo. Da sassafe mijin ya tuƙa mu zuwa birnin Cedar Rapids na yi Idi cikin jama'a, suna zaune a mota suna jirana. Bayan an idar ya kai ni na ga wani ɗan farin masallaci mai koriyar ƙubba da aka gina tun 1934, yana cikin masallatai mafiya daɗewa a Amurka. Shi ya yi bincikensa, ni ban ma san da shi ba.

Ki daina tambayarta ko lafiya. Ki ce: da safe me kika ci? Da rana fa? Wa ya buɗe firij, ke ko su? Kuma ki faɗa mata da bakinki cewa kin ba ta izini ta ce "ina jin yunwa". Daga bakinki take jiran ta ji cewa wannan ba rashin kunya ba ne.

Tsohon ɗalibi, Minesota, 2018 zuwa 2019

Hajiya, tunda kin ambaci kare, bari in fara da shi. Namu a kan kujerar falo yake kwana, suna kiransa ɗansu. Sati biyu na yi ina kulle kaina a ɗaki daga dawowa makaranta har dare, don kada ya taɓa ni in rasa kayan salla. Su kuma a wajensu yaron da ya rufe ƙofa ya yi shiru, fushi yake yi ko baƙin ciki. Na kira malaminmu na Islamiyya a Kano, ya ce a mazhabar Malikiyya duk dabba mai rai tsarkakakkiya ce har da yawunta, ƙwaryar da kare ya sa baki ita ake wankewa sau bakwai. Hankalina ya kwanta. Duk da haka na roƙi mai gidan kada karen ya riƙa shiga ɗakina saboda a nan nake salla. Kafin dare ya sa ɗan shinge a bakin ƙofa. Magana ɗaya ce ta minti biyu, na ɗauke ta a ciki sati biyu.

Sai buta. Babu ita a banɗakinsu, takarda kawai. Da gorar ruwa na fara ina ɓoyewa a jaka, daga baya na sayi ƙaramar butar ban ruwan furanni na ajiye a fili, na yi wa matar gidan bayani. Ko a jikinta. Alƙibla kuma kada ta ce gabas kamar a gida. Daga can arewa maso gabas ake fuskanta, ta duba a waya.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ido. Mai gidan yana min magana ina sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauka wani abu nake ɓoyewa. Ranar da na yi masa bayanin cewa a wajenmu yaro ba ya ƙure babba da ido, ya daɗe shiru, sannan ya ce ya ba ni haƙuri, watanni yana min mummunar fahimta. Sunansa ma ya ce in riƙa kira kai tsaye, bakina ya ƙi. Muka daidaita a kan Baba, har yau haka nake kiransa.

Ki ce ta shirya wa sanyi tun yanzu. Ƙarshen Janairun 2019 sanyi a birnin Minneapolis ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas, aka rufe makarantu. A Disamba kuwa kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya yi, azahar da la'asar duk suna matsewa kusa da juna. Ni wata malama ce ta ba ni kusurwa a ɗakin karatu nake salla lokacin cin abincin rana. Tambaya kawai na yi.

Uban ɗalibi, Sakkwato

Hajiya, ni kuskuren da na yi shi ne yawan kira. Tsakaninmu da su awa 6 ne, idan sun mayar da agogonsu baya a Nuwamba ya koma 7. Nakan kira bayan isha'i, daidai yaron yana fitowa daga makaranta, sai ya shige ɗaki da waya yana hira da mu da abokansa na gida har lokacin cin abinci ya wuce. Jikinsa yana can, ransa yana Sakkwato. Da muka mayar da kiran sau ɗaya a sati, ya shiga ƙungiyar ƙwallon makaranta, a nan ya samu abokai.

Maganar addini ita ta fi tsorata ni kafin ya tafi. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne sanin asalin shirin. Majalisar dokokin Amurka ce ta kafa shi a 2002, bayan harin 11 ga Satumban 2001, musamman don yaran ƙasashen da ke da Musulmi da yawa, kuma yana ɗauke da sunan sanatoci biyu, Edward Kennedy da Richard Lugar. Iyalin da suka karɓi yaro sun san daga inda ya fito, kuma ba albashi ake biyansu ba, sa kai suka yi. Abin da ba su sani ba shi ne ƙananan abubuwa. Ayowa ita ce kan gaba a kiwon alade a duk Amurka, ta riƙa tambaya kafin ta ci. Jajayen yankan naman da ake jerawa a kan fiza yawanci akwai alade a ciki, haka wasu alewoyi masu danƙo da ake yi da jelatin.

Tsohuwar ɗaliba da ta sauya gida

Ina jin daɗin labaran nan, amma Mama kada ki ɗauka kowane shiru kunya ce. Nawa ba ita ba ce.

Gidan farko da aka kai ni, mata da mijin ba sa jituwa. Faɗa kusan kullum da dare, ina kwance ina jin ana buga ƙofofi. Duk ƙarshen mako su bar min yara ƙanana biyu su fita, ba tare da sun tambaye ni ba. Ranar Lahadi kuma matar ta nace sai na bi su coci. Na je sau ɗaya don girmamawa, da na ce ba zan koma ba ta yi kwana uku ba ta min magana. Wata biyu ina cewa mahaifiyata lafiya lau, saboda na ga yadda aka yi murna ranar da sunana ya fito, na ga maƙwabta suna shigowa barka. Ina tsoron a ce na kasa, ko a ce na butulce wa mutanen da suka ba ni ɗaki kyauta.

Kowane ɗalibi yana da jami'a, wato ma'aikaciyar shirin, a yankinsa da ke kula da zamansa, kuma doka ce ta tuntuɓe shi aƙalla sau ɗaya a wata. Tawa takan zo, amma a falo muke zama gaban matar gidan, to me zan ce? Ranar da na yi ƙarfin hali na tura mata saƙo cewa ina son mu haɗu mu biyu kawai, a makaranta ta same ni. Na yi magana ina rawar murya. Ba ta ce na yi laifi ba. Cikin kwanaki kaɗan aka mayar da ni wajen wata dattijuwa, malamar makaranta mai ritaya da ke zaune ita kaɗai. Ita ce ta zauna har tsakar dare tana ɗinke min doguwar riga mai dogon hannu don bikin ƙarshen shekara.

Ki tabbatar 'yarki tana da lambar jami'arta, kuma ta san tana da haƙƙin ganinta ita kaɗai. Ki tambaye ta kai tsaye: akwai wanda yake sa ki abin da ba kya so? Akwai wanda kike jin tsoro a gidan? Idan ta yi jim kafin ta amsa, kada ki cike mata shirun da taki maganar. Ki jira.

Tsohuwar ɗaliba daga zangon Kumasi

Mama, ni girki ne ya buɗe min gidan. Wata Asabar na roƙi a bar min ɗakin girki. Na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miyar gyaɗa da tunkuzar kwalba da suke shafa wa burodi, wadda ba sukari. Na ce yau da hannu za a ci. Ƙaramar yarinyar gidan, wadda tun zuwana take leƙen hijabina daga nesa, ita ta fara wanke hannu ta zauna kusa da ni. A daren ta tambaye ni ko ina da gashi, na kai ta ɗaki na cire na nuna mata kitsona. A Nuwamba akwai makon da ake sa ɗaliban musaya su yi bayanin ƙasashensu a azuzuwa, ita ce ta riƙe min hotuna.

Idan za ki yi mata aike, kuka da kuɓewa busasshiya da yaji sun isa, a rubuta abin da ke ciki. Kilishi kam kada ki sa, ba a barin nama ya shiga.

Uwar ɗaliba, Zariya

Allah Ya saka muku da alheri, ya raya muku zuri'a. Ban iya jira Lahadi ba, jiya na kira ta. Na yi yadda kuka ce, na tambaye ta abin da ta ci da safe. Ta ce tuffa ɗaya. Da rana? Dankali kawai, don ba ta san naman da ke cikin sauran abincin makarantar ba, kuma tana jin kunyar tambaya a gaban layi. Na yi mata tambayar tsoro, na yi shiru na jira. Ta ce a'a wallahi, matar har ɗaki take biyo ta da bargo. Firij ne dai ba ta taɓa buɗewa ba tun da ta je.

Na ce ta kai wa matar gidan wayar. Turancina ba mai yawa ba ne, amma na ce mata 'yata idan ta ce ta ƙoshi, a ƙara tambayarta sau biyu. Matar ta dafe ƙirji, ta ce tun satin farko take son ta kira ni, tana tsoron kada in ɗauka ƙarar yarinyar ta kawo. Yau da asuba hoto ya shigo wayata: su biyu a kanti, kwando cike da shinkafa da tumatir da attaruhu, 'yata ce take tura shi. Jami'ar tata kuma za ta same ta a makaranta ranar Alhamis, su biyu. Kukar da yajin na riga na daka, gobe babanta zai kai wajen aike.